Leib: Sunan Zaki a Bakin Yahudawan Gabashin Turai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatu a birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam, kuma unguwar da nake haya Yahudawa masu riƙo da addini ne suka fi yawa a cikinta. Maƙwabcina ya samu ƙaruwar ɗa namiji, na ji ana kiransa Leib, wani lokacin Leibele. Na duba ƙamus na Jamusanci ya ce kalmar tana nufin "jiki". Wani abokina ya ce Levi ne aka gutsure, wani kuma ya ce ɗan'uwan Laisu ne na Larabci. Mene ne gaskiyar ma'anarsa da asalinsa? Sannan Liba da ake kiran yayar yaron, shi ne na matan?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba da sa'ar karatu. Leib zaki ne a harshen Yidish, yaren gida na Yahudawan tsakiya da gabashin Turai waɗanda ake kira Ashkenazi. Wanda ya tsaya a nan bai yi ƙarya ba, amma rabin sunan kawai ya faɗa maka, domin Leib ba kasafai yake tafiya shi kaɗai ba. Mafi yawan lokaci cikakken sunan yaron Yehuda Leib ne, ko Aryeh Leib, ko ma duka ukun a jere, Yehuda Aryeh Leib. Dalilin da ya ɗaure waɗannan sunaye wuri guda shi ne ainihin tarihin.

Mu fara da harshen. Yidish ya kai kimanin shekara 1,000 a duniya. Ƙashin bayansa tsohon Jamusanci ne, ya ɗebo kalmomin addini da na karatu daga Ibrananci da Aramiyanci, sannan da Yahudawa suka yi ta gangarawa gabas zuwa Poland da Lituwaniya da Yukiren ya sha kalmomin yarukan can. Da haruffan Ibrananci ake rubuta shi, daga dama zuwa hagu. Jimla mafi tsufa da aka samu da kwanan wata a jikinta tana cikin wani littafin addu'o'i na birnin Worms a Jamus, na shekarar 1272, kuma ita ma addu'a ce ga wanda zai ɗauki littafin ya kai shi majami'a. Kalmar zaki ta Yidish ta fito ne daga tsohuwar kalmar Jamusanci wadda a yau ake cewa Löwe, ita kuma ta samo asali daga leo na Latin.

Ƙamus ɗinka bai yi kuskure ba, kalmar da ka duba ce daban. Leib mai nufin jiki yana nan a Jamusanci, amma Bajamushe "layb" yake furta shi, kuma Yidish ma yana da wannan kalmar da ma'anarta ta jiki. Sunan yaron kuwa a daidaitaccen Yidish "leyb" ne. Rubutun boko ne ya haɗa su kama ɗaya. Levi kuma wani ɗa ne daban cikin 'ya'yan Annabi Yakubu, zuriyarsa ce ta riƙa hidimar ɗakin ibada na Ƙudus a zamanin da, kuma ba ruwan sunansa da zaki. Laisu na Larabci zaki ne tabbas, har yana da ɗan'uwa a Ibrananci, layish, amma ba ta wannan hanya Leib ya zo ba. Ma'ana ce ta haɗa su, tushe bai haɗa su ba. Akwai ruɗani na huɗu da ba ka ambata ba, wanda na fi yawan cin karo da shi: Lev. A Rashanci Lev zaki ne, shi ya sa Yahudawan Rasha da yawa masu suna Leib suka riƙa rubuta Lev a takardun hukuma. A Ibrananci kuwa lev zuciya ce, 'yar'uwar lubb ta Larabci da ka sani a "ulul albab". Don haka za ka ga wasu na cewa Leib yana nufin zuciya. Ba haka ba ne.

Namijin Ashkenazi a al'ada suna biyu gare shi. Na farko shi ne shem hakodesh, wato tsarkakakken suna, na Ibrananci ko Aramiyanci. Da shi ake kiransa ya fito gaban jama'a a karanta Attaura, da shi ake rubuta takardar aurensa, da shi ake yi masa addu'a in ya kwanta ciwo. Na biyu shi ne kinnui, sunan da uwa ke kiransa da shi a tsakar gida, abokan ciniki su kira shi da shi a kasuwa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan ba. Muna da sunan yanka, muna da laƙabin da ya manne masa: in ka ji Garba ka san Abubakar ne, in ka ji Shehu ka san Usman ne, ba sai an faɗa maka ba. Haka duk wanda ya tashi a cikin Yidish, da ya ji Leib ya san Yehuda ne.

To me ya haɗa Yehuda da zaki? Attaura, a littafin Farawa sura ta 49, ta kawo cewa da ajalin Yakubu ya matso ya tara 'ya'yansa goma sha biyu ya yi wa kowanne magana ta ƙarshe, ya kuma kamanta wasunsu da dabbobi. Da ya zo kan ɗansa na huɗu, Yehuda, wanda Hausawa ke cewa Yahuza, sai ya kira shi gur aryeh, ɗan zaki, ya siffanta shi da zakin da ya kwanta ba mai ƙarfin halin tayar da shi, ya ce sandar mulki ba za ta bar gidansa ba. Daga zuriyarsa Dawuda da Sulaimanu suka fito, kuma daga sunansa aka samo kalmar Yahudu kanta. Shi sunan Yehuda ma'anarsa godiya ce da yabo, domin an ruwaito cewa mahaifiyarsa Lai'atu da ta haife shi ta ce wannan karon za ta yi wa Ubangiji godiya. Wannan ayar ta ɗan zaki ita ce ta yi tafiya har Habasha, inda sarakuna, har zuwa kan Haile Selassie, suka riƙa ɗaukar kirarin Zakin Yahuza, kuma ita ce ta sa zaki yake kan tambarin birnin Ƙudus tun 1950.

Leib ba shi kaɗai ba ne a wannan layi. Yakubu ya kamanta Naftali da barewa, sai laƙabinsa ya zama Hirsh ko Hersh. Ya kamanta Binyaminu da kyarkeci, sai ya zama Volf, a gida a ce Velvel. Theodor Herzl, jagoran fafutukar kafa ƙasar Yahudawa, alal misali, sunansa na Ibrananci Binyamin Ze'ev ne, wato Binyaminu kyarkeci. Ifraimu, jikan Yakubu, an yi masa addu'a da kalmar da ke nuna yaɗuwa irin ta kifi, sai ya zama Fishel. Issakar kuwa da jaki mai ƙarfi aka kamanta shi, kuma babu uban da zai so a riƙa kiran ɗansa jaki a kan titi, don haka aka ba shi Ber, dabbar nan mai ƙarfi ta dazukan ƙasashen sanyi wadda Larabawa ke cewa dubbu.

Akwai wurin da mutane da yawa ke juya tarihin kai ƙasa. Suna zaton Aryeh, wato zaki a Ibrananci, shi ne asali, Leib kuma fassararsa ce. Masanan sunayen Yahudawa, cikinsu har da Alexander Beider wanda ya fitar da babban ƙamus na sunayen Ashkenazi a 2001, sun nuna tafiyar ta bi ɗaya hanyar ce. A zamanin da, Yahudawa ba su saba sa wa 'ya'yansu Aryeh ko Dov ko Tzvi ko Ze'ev ba. Maƙwabtansu Jamusawa ne ke da sunayen dabbobi masu ƙarfi, irin su Wolf da Bernhard da Leonhard. Yahudawa suka ɗauki irin waɗannan sunaye don zaman yau da kullum, suka nemo musu gindi a cikin maganar Yakubu, sai daga baya aka mayar da laƙabin zuwa Ibrananci shi ma ya zama suna mai zaman kansa. Shi ya sa ake samun Aryeh Leib, wato "zaki zaki", da Tzvi Hirsh, "barewa barewa", da Dov Ber: kalma ɗaya sau biyu, sau ɗaya a harshen ibada, sau ɗaya a harshen gida. Kuma haɗa Yehuda da zaki bai tsaya ga masu jin Yidish ba. A Faris an yi wani babban malami Yehuda ɗan Ishaku da ya rasu a 1224, ana kiransa Sir Leon. A Venis ta Italiya an yi Yehuda Aryeh wanda duniya ta sani da Leon na Modena, ya rayu daga 1571 zuwa 1648. Duk inda Yehuda ya sauka, yaren wurin ne ke ba shi zakinsa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wannan suna shi ne irin zakin da iyayen ke nufi. Mutanen da suka fi riƙe sunan ba su da sarki, ba su da runduna. Teloli ne, masu tura amalanke, masu ƙananan shaguna, da almajiran karatu a ƙananan garuruwan da ake kira shtetl, kullum cikin fargabar abin da hukuma ko 'yan tarzoma za su zo da shi. Zakin da suke fata ɗansu ya zama yana cikin littattafansu. A Pirkei Avot, tarin hikimomin magabatan malamansu, wani malami mai suna Yehuda ben Teima ya ce mutum ya zama mai ƙarfin hali kamar damisa, mai sauƙin tashi kamar gaggafa, mai gudu kamar barewa, jarumi kamar zaki, duka don aikata nufin Ubangiji. Babban littafin fiƙihunsu, Shulchan Aruch na Yosef Karo da aka fara bugawa a Venis a 1565, da wannan ya buɗe: mutum ya yi ƙarfi irin na zaki ya tashi da asuba don bautar Mahaliccinsa, har ya zama shi ne ke tayar da alfijir. Jarumtar da ake nema ita ce ta fin ƙarfin barci da kasala da son zuciya. A ganina duk wanda ya fassara Leib da "zaki" bai ambaci wannan ba, ya ƙwari sunan. In ka samu damar leƙa wata majami'arsu, dubi labulen da ya rufe ma'ajiyar Attaura ko katakon da ke samansa. Sau da yawa za ka ga zakuna biyu a tsaye kan ƙafafun baya, ɗaya dama ɗaya hagu, suna tallabe da allunan dokoki goma.

Duk da haka, kada ka zaci maƙwabcinka ya zauna ya zaɓi sunan don ma'anarsa ta burge shi. A wajen Ashkenazi gado ne ke zaɓar suna. Ana sa wa jariri sunan wani na jini da ya riga mu gidan gaskiya, kaka ko kakan-kaka ko kawu, ko kuma wani malami da gidan ke girmamawa. Ba sa yi wa mai rai takwara, kuma suna ɗaukar abin da nauyi ƙwarai, har uba da ɗa ba sa haɗa suna sai in uban ya rasu kafin a haifi ɗan. Yahudawan Sefardi, waɗanda asalinsu Andalus ne, akasin haka suke yi, kaka yana raye ake sa wa jika sunansa don girmamawa. Wannan al'ada ta Ashkenazi ita ce ta sa in ka bi salsalar gida ɗaya za ka ga Leib yana ɓacewa yana dawowa, ya tsallake tsara ɗaya ko biyu ya sake ɓullowa, wani lokacin a kan 'ya'yan 'yan'uwa uku ko huɗu da aka haifa a 'yan shekarun da suka biyo bayan rasuwar kakansu.

Ranar kaciya ake bayyana sunan, rana ta takwas da haihuwa in yaron lafiya lau yake, kuma gidaje masu riƙo ba sa furta shi kafin nan. Ana ɗora jaririn a kan matashi bisa cinyar wani dattijo da ake kira sandek, galibi kakansa. Gwanin kaciyar, mohel, ya yi aikinsa. Sai mai addu'a ya ɗauki ƙoƙon inabi ya roƙi Allah ya raya yaron ga uwarsa da ubansa, ya zo wurin da zai ce "a kira sunansa a cikin Isra'ila", ya dakata, uban ya matso ya raɗa masa sunan a kunne, sannan ya faɗa da ƙarfi: wane ɗan wane. A wurin ne jama'a ke yi wa yaron fatan kamar yadda ya shiga alkawarin Ibrahim, haka ya shiga karatun Attaura, ya shiga rumfar aure, ya shiga kyawawan ayyuka.

Laƙabin nan ba abin wasa ba ne a shari'arsu, kuma wurin da ya fi nauyi shi ne takardar saki da suke kira get. In aka kuskure sunan miji ko na mata sakin na iya ɓaci, matar ta zauna ba ta da damar sake aure. Don haka malamai suka yi rubuce-rubuce masu yawa a kan sunaye da yadda ake rubuta kowanne harafi bayan harafi, a ƙarƙashin babi na 129 na sashen aure na Shulchan Aruch. Mutum mai sunan nan akan rubuta shi "Yehuda hamechune Leib", wato Yehuda wanda ake yi wa laƙabi da Leib. Waɗannan jerin sunaye na malaman saki sun zama taska ga masu binciken tarihin sunaye a yau.

Sunan yana bin mutum har kabari. A tsohuwar maƙabartar Yahudawa ta birnin Prag, wadda dutsenta mafi tsufa na 1439 ne kuma aka daina binnewa a cikinta wajen 1787, akwai duwatsun kabari kusan 12,000 a cunkushe, wasu sun jingina da wasu saboda an yi ta binne gawa bisa gawa don ƙarancin fili. Ko ba ka iya karanta Ibrananci ba, zanen da aka sassaƙa zai gaya maka wani abu. Tafukan hannu biyu a buɗe alamar Kohen ce, zuriyar Haruna. Buta alamar Levi ce, domin su ke zuba wa Kohen ruwan wanke hannu. Barewa ta Hirsh ce, zaki kuma na Yehuda ko Aryeh ko Leib. Ka ga ko a kan dutse Levi da Leib ba su haɗu ba. Kabarin da aka fi ziyarta a wurin na Yehuda Loew ben Bezalel ne, wanda ake kira Maharal, da ya rasu a 1609, kuma akwai zaki a jikinsa. Loew ɗin nan Leib ne a lafazin yammaci. Sharhin da ya rubuta a kan tafsirin Attaura na Rashi, shahararren malaminsu na Faransa, ya sa masa suna Gur Aryeh, kalmomin nan biyu na Yakubu. Wani malamin, Aryeh Leib Gunzberg da ya rasu a Metz ta Faransa a 1785, ya kira littafinsa Shaagas Aryeh, rurin zaki, har sunan littafin ya danne nasa.

Leibele da ka ji ana faɗa sunan shagwaɓa ne. Yidish yana ƙara "l" a ƙarshen suna don ƙaramtawa, ya ƙara "ele" don ƙauna: Leib, Leibl, Leibele. Yarukan gabas sun ba da nasu, Leibke da Leibush. Lafazi ma ya bambanta. Mutanen Lituwaniya "leyb" suke cewa, mutanen Poland da Hangari "layb". Da yake Hasidawa, mabiya wata ɗariƙa ta Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, da yawa na Antwerp daga can tushensu yake, za ka iya jin na biyun.

Manyan da suka ɗauki sunan ba malaman addini kaɗai ba ne. Akwai Yehuda Aryeh Leib Alter, shugaban Hasidawan Ger a Poland, 1847 zuwa 1905. Akwai Yitzhak Leib Peretz, ɗaya daga cikin iyayen adabin Yidish na zamani, da ya rasu a Warso a 1915, da mawaƙin Ibrananci Yehuda Leib Gordon da aka haifa a Vilna. Sannan sunan ya rikiɗe ya zama sunan dangi. A da Bayahude "wane ɗan wane" ne kawai, sai hukumomi suka tilasta sunan dangi na dindindin saboda haraji da ɗaukar soja: Sarki Joseph na Biyu na Austiriya a 1787, Rasha a 1804, Napoleon a 1808, Prusiya a 1812. Ɗan Leib ya zama Leibowitz ko Leibovich, a yamma kuma Loeb da Löw. Daga nan aka samu masani Yeshayahu Leibowitz da ƙanwarsa Nechama, malamar tafsirin Attaura, da mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz, da tsohon bankin Kuhn, Loeb na New York.

Abubuwa uku ne suka rage wa sunan yawa. Tsakanin 1881 da 1924 Yahudawa sama da miliyan 2 suka bar gabashin Turai zuwa Amurka, kuma a can Leib da yawa suka mayar da kansu Louis ko Leo ko Leon ko Leonard, suna riƙe harafin farko kawai. Sai kisan ƙare dangi na 'yan Nazi. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu masu jin Yidish sun kai kimanin miliyan 11, kuma cikin Yahudawa miliyan 6 da aka kashe, kusan miliyan 5 masu jin Yidish ne. Garuruwa sukutum aka shafe, tare da littattafan haihuwarsu da maƙabartunsu. Waɗanda suka tsira sun sa wa 'ya'yansu sunayen iyaye da 'yan'uwan da ba su san inda aka binne su ba, don haka Leib da yawa na bayan 1945 sunan wanda aka kashe suke ɗauke da shi. Na uku, a Isra'ila an fifita Ibrananci a kan Yidish, sai aka ajiye Leib aka riƙe Aryeh da gajeren sa, Ari. Inda sunan yake da rai sosai a yau shi ne unguwannin masu tsananin riƙo da addini, musamman Hasidawa: Williamsburg da Borough Park a New York, Stamford Hill a Landan, Mea Shearim a Ƙudus, Bnei Brak a Isra'ila, da Antwerp ɗin da kake zaune, inda har gobe yara da Yidish suke fara magana.

Game da Liba, ba na matan Leib ba ne, ko da yake kunne zai iya zaton haka. Ya fito ne daga kalmar Yidish libe, ƙauna, 'yar'uwar Liebe ta Jamusanci, kuma ma'anarsa abar ƙauna. Akan haɗa shi da Ahuva na Ibrananci mai ma'ana ɗaya. Takwarorinsa na maza su ne Liber da Lipman, kuma daga wannan tushe sunan dangin Lieberman ya fito. A al'adar da, mata ba a kiransu su fito karatun Attaura a gaban jama'a, don haka ba a matsa sai sun samu sunan Ibrananci ba. Mace da yawa sunan Yidish kaɗai gare ta, kamar Liba ko Golda ko Sheyna, kuma shi ake rubutawa a takardar aurenta.